Malam Attaher da Ƙofar da ta Ɓace a Cikin Odinatar

Duk mai bi ta bayan kasuwar Dakoro da hantsi ya san shagon Malam Attaher. Kafin ya taɓa kowace na'ura sai ya hau ya goge farantin hasken rana da ke kan rufi, ya sauko ya hura gawayi, ya ɗora butar shayi. Sannan ya gyara rawani, ya jawo odinatar, wato kwamfuta, da aka kawo jiya, ya kasa kunne ga ƙararta kamar likita da ƙirjin yaro. Masu kawo aiki ba sa yankewa. Ga malamin lakkol da makin ɗalibansa ya maƙale, ga mai sayar da maganin dabbobi da allonsa ya yi baƙi, ga matar da hotunan mijinta marigayi ke cikin kile, ɗan abin nan da ake cusa wa na'ura, ya ƙi buɗuwa. Da la'asar kuma sai ya koya wa matasa bugun takarda a kan tsofaffin na'urorin da ke bayan labule. Haka yake tun farkon zuwan odinatar garin nan.

A ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Idanunsa sun ƙi. Likita a Maraɗi ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma tafiya yake. Zai koma wajen ƙanensa a Birnin Lalle. Ban ji an shirya masa taro ba, shi ya sa na ce ni Tanimu bari in faɗi abin da na gani da idona.

Ɗiyata Hamdiya, ta ukun ɗakinmu, a shagonsa ta koyi aiki. Bayan ta gama, wata ƙungiyar makiyaya ta ɗauke ta sakatariya. Mun yi murna, amma ni murnata da tsoro a ciki. Ni manomi ne, kuma gonata ta hanyar Ɗan Gulbi ta yi iyaka da burtalin da dabbobi ke bi zuwa arewa. A kan burtalin nan an sha zage-zage, an taɓa zubar da jini. Bara bayan girbi aka tara dattawan ɓangarorin biyu, kowa ya faɗi inda ya san hanyar ta bi tun zamanin ubansa, daga wace rijiya zuwa wane gawo. Aka rubuta maganarsu a cikin odinatar ƙungiyar. Wadda aka buga a takarda gara ta cinye ta a kabad, sai ta cikin na'ura ta rage. Da ita za a je zaman sulhu kafin damina.

Wata ranar Laraba Hamdiya ta dawo gida tun kafin azahar, ta shige ɗakin uwarta ba sallama. Rhissa, ma'ajin ƙungiyar, ya buɗe takardar burtali don a fitar da ita. Sunan takardar yana nan a cikin na'ura, amma maganar dattawa babu ko layi ɗaya. Abin da ke ciki sanarwar allurar shanu ce, kuma Hamdiya ce ta buga ta.

Kafin la'asar magana ta gama gari. Ɗiyar manomi ta goge shaidar makiyaya don ubanta ya ci burtali. Masu kawo mana nono suka daina tsayawa a ƙofarmu. A masallaci wanda muka saba haɗa kafaɗa da shi ya matsa. Wasu manoma kuma, abin da ya fi tayar mini da hankali, suka riƙa yi mini murmushi suna cewa ɗiyata jaruma ce. Na san irin murmushin nan, bayansa adda ce da sanda. Aka aiko cewa ranar Asabar za a zauna a biron ƙungiya, wato ofishinsu, in ba a gamsu ba za a kai ta wajen jandarma.

Na tambaye ta, ta rantse ba ta goge komai ba.

"Baba, ƙofar ce ta ɓace," in ji ta. "In na danna dama ba ta fitowa."

Ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Na ɗauki takalmina na nufi bayan kasuwa.

Malam Attaher ɗan makiyaya ne, danginsa na cikin waɗanda ke ganin an cuce su. Na shiga ina jin zai juya mini baya. Sai ya miƙo mini shayi.

"Zauna, Baban Hamdiya. Fuskarka kamar wanda fara ta kwana a gonarsa. Mi ta ce maka daidai?"

Na maimaita masa. Ya ajiye kofinsa. Sai ya jawo suri, abin nan da ake turawa da hannu a kan tebur, ya nuna mini. Maɓalli biyu ne a kansa. In aka danna na dama a filin allo, sai jerin kalmomi ya sauko, a cikinsu akwai "Nouveau", wato sabo. Daga nan ake ciro farar takarda a yi rubutu. Ya ce duk wanda ya koyi aiki a shagonsa ta nan kaɗai ya san ana fara sabuwar takarda. Da gangan ya koya musu haka, saboda wutar Dakoro ba ta da alkawari. In ka fara ciro takardar ka raɗa mata suna, ko wuta ta ɗauke ka san inda za ka same ta.

"In kalmar nan ta ɓace fa?" na tambaye shi.

"Shi ne abin da ban taɓa koya musu ba," in ji shi. "Asabar ka biyo ka kama mini hannu, ramukan hanyar biro sun fi ƙarfin idona."

Ranar Asabar tsakar biron ta cika. Alhaji Amani, shugaban ƙungiyar, yana kan kujera, dattawa a kan tabarmi, matasa a tsaye jikin bango. Hamdiya tana rakuɓe a gefe, mayafinta har goshi. Rhissa ya yi magana da zafi, kuma ban ga laifinsa ba. Cikin dattawan da suka ba da shaida bara, biyu sun rasu, ɗaya kakansa ne.

"Takardu nawa ne a cikin na'urar nan?" ya ce. "Don mi sai wannan? Don mi sai wadda ta taɓa gonar ubanta?"

Malam Attaher ya nemi a fito da odinatar a ɗora a tebur inda kowa zai gani.

"Rhissa, kai ma a bayan labulena ka koyi bugu, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Kawu."

"Har ka fasa mini suri biyu da hannunka na jan guga. To zauna. Alhaji na son a rubuta sanarwa yanzu, mota na jira. Ciro mishi sabuwar takarda."

Rhissa ya zauna ya danna dama. Jerin ya sauko, babu "Nouveau". Ya sake dannawa a wani gefen, babu. Ya girgiza surin, ya hura masa iska, ya sake.

"Mota na jira," in ji Malam Attaher.

Mun ga hannun Rhissa ya tafi kan wata tsohuwar takarda da ke kusa a kan allo. Ya buɗe ta, ya shafa rubutun duka ya yi shuɗi, ya kai yatsa zai goge. Malam Attaher ya cafke wuyan hannunsa.

"Mi za ka yi?"

"In share in rubuta sabo. Ai ta asalin tana ciki."

"Ba ta ciki, ɗana. Ita ce wannan. In ka share ka adana, ta tafi ke nan."

 Rhissa ya janye hannunsa a hankali, ya dubi Hamdiya, ya sunkuyar da kai.

Sai a lokacin aka ba ta dama ta yi magana. Ta ce tun da aka wanke wa na'urar wata cuta da ta shigo ta kile, kalmar ta ɓace. Ta ji tsoron faɗa, kada a ce baƙuwa ta zo ta lalata kayan mutane. Da aka ce ta buga sanarwar allura, ta buɗe takardar da ta fi kusa da hannunta, tana zaton abin da ke kan allo hoto ne kawai, na asali yana ajiye a ciki.

Malam Attaher ya juya wajen dattawa.

"Alhaji, in za a kai wani wajen jandarma, ni ne. Rijiya ɗaya na nuna wa yaran nan, ban gaya musu inda za su in ta ƙafe ba. Akwai hanyoyi da yawa na fara takarda, ni na rufe musu su don in sauƙaƙa wa kaina koyarwa. Abin da yarinyar nan ta yi, kun ga naku ma shi zai yi."

Kai ne, Malam, ka faɗi wannan a gaban danginka, a ranar da ransu ke ɓace, kana sane cewa wasunsu za su ce ka sayar da su. Da ka yi shiru ba wanda zai tuhume ka. Gawo mai inuwa da rani, lokacin da sauran itatuwa suka zubar da ganye.

Daga nan ya ce a gyara abin a gaban kowa. Ya kai fuskarsa jikin allo har hancinsa na kusa da taɓa shi, amma ƙananan haruffan sun ƙi masa. Ya kira Hamdiya ta zauna. Ya ce akwai wani wuri can cikin na'urar da ake kira rajis, inda take ajiye ƙa'idojinta, kuma maganin da aka wanke cutar da shi ya haɗa har da layin da ke fito da "Nouveau" ya share. Ya gargaɗe ta cewa kuskuren harafi ɗaya a wurin nan na iya kwantar da na'urar gaba ɗaya, don haka ya sa ta fara ajiye kwafinsa a gefe. Sannan ya riƙa faɗa mata inda za ta shiga, ɗaki cikin ɗaki, tana karanta masa abin da ta gani. Ta buɗe sabon gurbi, ta sa masa suna. Ya karanto mata wani dogon jerin haruffa da lambobi daga kansa, tana bugawa da gaggawa.

"Sannu-sannu, ɗiyata. Ba kura ke bin ki ba, Rhissa ne kawai, shi ma ya gaji."

Wasu suka yi dariya, ita ce ta farko a ranar. Aka kashe na'urar aka kunna. Hamdiya ta danna dama, kalmar ta fito a wurinta.

Alhaji Amani ya yi gyaran murya.

"To Malam, maganar dattawanmu fa? Ita ma za ta dawo?"

"Zan gwada, Alhaji, amma kada ka sa rai."

Ya tafi da na'urar shagonsa, ya yi kwanaki a kanta da idanun da likita ya ce ya hutar. Abin da ya tono bai wuce 'yan layuka ba, sunan rijiya ɗaya da rabin maganar wani tsoho. Ya mayar musu ya gaya musu gaskiya. Maganar kakan Rhissa da ta ɗayan marigayin ta tafi har abada. Wannan asara tana nan, ba wanda ya isa ya rage mata nauyi, kuma Hamdiya na ɗauke da ita. 

Amma ba a kai ta wajen jandarma ba, ba a kuma kore ta ba. Rhissa da kansa ya zo ƙofar gidana ya ba ni haƙuri a gaban maƙwabta. Shi da ita da wani dattijo daga cikin manoma suka riƙa bin ruga-ruga da ƙauyuka suna sake ɗaukar shaidar tsofaffin da suka rage. Ba duka ta zo daidai da ta bara ba. Akwai wurin da har yanzu ake gardama, kuma kusurwar gonata na ciki.

Malam Attaher bai tsaya nan ba. Ya aika aka kira duk wanda ya taɓa koyon aiki a wajensa, na lakkol da na asibiti da na shagunan buga takardu, manya da gemunsu suka dawo bayan labule. Ya nuna musu sauran hanyoyin fara takarda, ya nuna musu yadda ake adana abu da sabon suna ba tare da an danne tsohon ba. Wata mata da ke aiki a wani biro ta gaya mini cewa ita ma tata kalmar ta taɓa ɓacewa, kuma abin da Hamdiya ta yi shi ta yi, Allah ne ya rufa mata asiri takardar ba mai muhimmanci ba ce. Malam yakan ce musu, "In abu ya ɓace muku a kan allo, ku ɗaga hannu ku faɗa. Na'ura ba ta jin kunya, ku ma kada ku ji."

Malam, na gode. Uwar Hamdiya ta gode. Ba mu da abin da za mu mayar maka da ganinka, sai addu'a: Allah ya haskaka maka abin da ya rage, ya sa wahalar da ka sha da yaranmu ta zame maka haske a ranar da kowa ke neman sa.

Ku kuma da kuke koya wa 'ya'yan mutane sana'a, ko ɗinki ne ko gyaran babur ko bugun takarda, ku yi koyi da shi. Ku gaya musu abin da za su yi ranar da abin da suka saba ya ƙi, kuma in sun faɗi saboda gurbin da kuka bari, ku tashi ku tsaya kusa da su. Waɗanda suka ci moriyar shagon nan, kada ku bari ya hau motar Birnin Lalle ba ku je kun yi masa sallama ba. Ku faɗi sunanku in kun shiga, ba ya gane fuska daga nesa.

Zaman sulhun yana nan tafe kafin ruwan farko, kuma ba zan ɓoye ba, tsoro bai sake ni ba. Ban san inda za a kafa iyaka ba, ban san ko kowa zai haƙura ba. Abu ɗaya aka riga aka daidaita a kansa. Da aka tambayi wanda zai zauna gaban na'ura ya rubuta abin da za a yanke, manoma da makiyaya duka sun ce Hamdiya.