Takardun Da Na Saka A Malfar Kawu Musu

Ina zaune a tsakar gida ina tsintar wake Baba ya shigo, tun lokacin tashinsu daga aiki bai yi ba. Bai zauna ba. Ya tsaya a bakin rumfa da hularsa a hannu, ya ce wa Inna, "Kawu Musu ya rasu. Yanzu wani mai kabu-kabu ya zo da labarin daga Kebbe. Sun ce kan keken ɗinki shika aiki da hantsi, sai ya kife." Inna ta saki muciya ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ni kuwa babu wanda ya san ina da abin cewa. Na ci gaba da aikina, sai can na lura waken nake zubarwa, tsakuwar nake tarawa a faifai.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna. Duk mai cin kasuwar Tambuwal a bana ya ji Kawu Musu yana musu da wani mai aiko masa da takardu, wanda ya raɗa wa suna Malam Ba-Suna. Wasu sun ce malamin kimiyya ne na sakandare, wasu sun ce ma'aikacin asibiti ne da ke ɓoye kansa. Ni ce. Shekarata goma sha huɗu, kuma karatuna bai wuce zangon farko na ƙaramar sakandare ba.

Kawu Musu sunansa na yanka Malam Sahabi, tela ne a Kebbe. Ran kasuwa yakan rufe shago ya ɗauko abokan wasansa uku, su bi wannan muguwar hanya a kan babura, yau Tambuwal, wani makon Jabo. Bayan La'asar sai ya ɗaura gemun auduga, ya kifa wata tsohuwar malfa mai faɗi, ya zama Kawu Musu, tsohon da ko gaishe shi ka yi sai ya musa maka. In ka ce masa ina wuni, sai ya ce, "Wa ya ce maka na wuni?" Ba ya fara wasa sai an idar da salla, kuma ban taɓa jin ashar a bakinsa ba. Idan an gama yakan cire malfar a zagaya da ita. Mai goro ya sa goro, mai 'yan canji ya sa, mai tambaya kuma ya rubuta ya jefa, kasuwa mai zuwa Kawu ya amsa masa a cikin wasa. Tun ina aji uku na firamare nake haddace maganganunsa, in je bayan ɗaki in maimaita wa awaki, don su kaɗai nake iya yi wa magana da ƙarfi.

Ina da farfaɗiya. Wannan ma ban taɓa rubuta shi ba sai yau. Na faɗi a aji sau biyu a mako ɗaya, 'yan ajinmu suka watse da ihu, daga nan Baba ya ce in zauna a gida. An yi min rubutu, an yi hayaƙi, an kai ni wajen masu ruƙiyya. Maƙwabciyarmu Anti Hauwa'u, ma'aikaciyar lafiya ce, ta shigo ta ce wa Inna ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma akwai ƙwayar da ke rage shi. Baba ya ce wannan ba aikin asibiti ba ne, aikin iska ne. Ba don ba ya sona ba. Abin da ya tashi ya tarar ke nan. Sai aka riƙa tura ni rumfar Kaka a kasuwa ina taya ta sayar da daddawa, kuma daga rumfar ana hango wajen wasa sarai.

A nan na ga wasan da ya ɓata min rai. 'Yar Kawu Musu ta faɗi a makaranta, aljani ya yi magana ta bakinta, wani mai farar riga ya zo da allura, aljanin ya kore shi a guje har takalminsa ya cire. Kasuwa ta ɗauki dariya. Na hango Baba a cikin mutane yana dariya har da riƙe ciki. Da na koma gida na yagi takarda daga tsohon littafina na rubuta: "Kawu, in aljani ne, me ya sa waɗanda ke shan ƙwayar asibiti suke samun sauƙi? Aljani yana tsoron ƙwaya ne?" Ban sa suna ba. Kasuwar da ta biyo na ninke ta ƙanana, da malfa ta iso wajen mata na jefa.

Ya amsa. Ya buɗe takardar a gaban jama'a, ya kai ta hanci, ya yamutsa fuska ya ce, "Wanga malami rubutunai kyau, amma matatai daddawa taka saida!" Da dariya ta lafa ya karanta tambayar, bai rage ko kalma ba, bai kuma karanta ta da muryar raini ba. Sannan ya ce, "Malam Ba-Suna, likita ya taɓa ganin rai da idonai? Bai taɓa ba. Amma shina sa hannu ga takarda shi ce rai ya fita. To in ya yarda da abin da bai gani ba nan, mi ya hana shi yarda can?" Aka yi ta tafi. Ni kuwa na yi kwana uku ina jin haushinsa.

Haka muka yi ta yi har kusan kasuwa shida. Na rubuta masa cewa ban ce babu aljanu ba, na karanta su a Islamiyya, amma Wanda Ya halicce su Shi Ya halicci ƙwaƙwalwa, kuma tana iya ciwo kamar yadda ciki ke ciwo. Ya ce, "Cikina ya sha ciwo, ban taɓa cizon harshe ba." Na rubuta cewa ilimin likita ma Allah ne Ya ba shi. Ya ce ya yarda, amma yana tsoron ranar da yaro zai ɗauki ƙwaya ya manta da bisimilla. Ya ce ya ga 'yan boko da suka san sunan kowace jijiya amma ba su san gabas ba. Wani lokaci yakan kayar da ni, wani lokaci ina ganin ni na kayar da shi amma ya rufe da barkwanci. Abin da ban taɓa gani ba shi ne ya karkata maganata don ta yi masa sauƙin amsawa. Yakan ce, "Wanda ya musa maka ya girmama ka. Wanda ya raina ka shi ka cewa to ya wuce."

Amma duk wannan musu bai canza komai a gidanmu ba. Baba yakan dawo yana ba Inna labarin yadda Kawu ya yi kaca-kaca da Malam Ba-Suna, ni ina gefe ina wanke kwanuka. Na sake faɗuwa, wannan karon kusa da murhu, na ƙone a hannu. Da hannun ya fara warkewa na rubuta takarda mafi gajarta. Na ce: "Kawu, yarinyar da ke faɗuwa ba ta cikin wasa ba ce kawai. Tana cikin masu kallonka. In kuna dariya tana ji. An cire ta daga makaranta, kuma babanta maganarka yake ji."

Kasuwa ta zagayo, mutane suka taru, sai ya fito ba gemu, ba malfa. Ya ce yau Sahabi ne zai yi magana, ba Kawu ba. Bai karanta takardar ba, ya ce wannan ba ta jama'a ba ce. Ya ce, "Dariyar da wani ya koma gida da ita shina kuka, ba dariya ba ce, duka na. Na daki wata ɗiya ban sani ba. In tana jina, ta yafe mini don Allah." Wasu samari suka fara dariya suna zaton wasa ne, ya dube su har suka yi shiru. Ban taɓa ganin babban mutum ya nemi gafarar yarinya a bainar jama'a ba. Na sunkuya ina gyara daddawar da ba ta buƙatar gyara, Kaka tana tambayata ko hayaƙi ne ya shiga min ido.

Bayan mako biyu ya zo da sabon wasa. 'Yar Kawu ta sake faɗuwa. Matarsa ta ce asibiti, ya ce malam. Da ta gaji ta ce to malam, sai ya ce asibiti, don shi ba a yarda da shi a zauna lafiya. Ƙarshe ya goya yarinyar a kan babur ɗin ƙarya, kwalbar rubutu a aljihun dama, katin asibiti a na hagu, yana tafe yana bugun ƙirji yana cewa, "Aljihu biyu tela ya yi mini, don mi zan tafi da guda?" Kasuwa ta yi dariya, amma ba irin ta farko ba. Baba bai ba da labarin wasan a gida ba. Ran na uku bayan sallar Asuba ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Ke, shirya. Sakkwato za mu." An duba ni, an ba ni magani. Yau wata fuɗu ke nan, kamar yadda Kaka ke ƙirgawa, sau ɗaya na faɗi. Inna ba ta daina tofa min addu'a ba, ni ma ban so ta daina.

Kada wani ya ɗauka ya sauka daga ra'ayinsa. Ba zan yi masa ƙarya don ya rasu ba. A kasuwar da ta biyo ya ɗaga yatsa ya ce, "Malam Ba-Suna, kada ka yi murna. Har gobe abin da nika cewa, akwai abin da na'ura ba ta gani." Ni ma har yau ina ganin da an kai ni asibiti tun faɗuwar farko da ban ƙone ba. Ba mu shirya a kan wannan ba. Sai dai shi bai jira mun shirya ba kafin ya taimake ni.

Saura abu ɗaya. Baba ya yarda in koma makaranta, ni ce na kasa. Iyaye sun gaya wa 'ya'yansu kada su sha ruwa a kofina, kada su zauna kusa da ni, wai ciwon a yawu yake. Likita ya gaya min ba a ɗauka, amma wa zai ji daga bakina? Sai na rubuta wa Kawu na roƙe shi ya faɗa a kasuwa. Amsarsa ta ba mutane mamaki. Ya ce, "Wagga ban sani ba. Sai na tambaya." Wani ya yi ihu, "Yau Kawu ya rasa musu!" Ya ce, "Musu kan abin da ba ka sani ba hauka na, ni kuwa gardama gare ni, ba hauka ba."

Ganina da shi na ƙarshe ba a wajen wasa ba ne. Ranar ba su da wasa, amma kafin La'asar ya zo rumfarmu sanye da kayan gida, ya gaida Kaka, ya sayi daddawa. Sai ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ba ni ruwa." Na ɗebo a moɗa na durƙusa na miƙa masa. Ya ce, "Fara sha." Na dubi Kaka. Matan rumfunan kusa duk sun san ciwona, suka zuba mana ido. Ya ce, "Sha mana, ko musu za ki yi da Kawu Musu?" Na kurɓa. Ya karɓi moɗar, ya juya ta daidai inda bakina ya taɓa, ya yi bisimilla ya shanye. Ya ce da ƙarfi yadda za su ji, "Alhamdu lillahi, ruwa mai sanyi." Sannan ya rage murya ya ce, "Na tambayi likitan asibitin Kebbe, na tambayi liman. Kasuwa mai zuwa zan gaya ma mutane. Ki gaida min Malam Ba-Suna." Ban san tun yaushe ya gane ba. Bai gaya wa kowa ba, bai kuma sa ni na amsa ba. Har ya tafi ko na gode ban ce ba.

Bai kai kasuwa mai zuwa ba. Na ji masu zuwa gaisuwa suna cewa yana da hawan jini, kuma yakan bar maganinsa in ya ji sauƙi. Na san ajali ba ya jira, kuma kwanansa ne ya ƙare. Duk da haka da na sani da na rubuta masa a kan wannan, mu yi musu ko na kasuwa goma ne.

Na yi ta jira wani ya faɗi maganar da ya tafi da ita. Babu mai faɗa, don daga shi sai ni muka san da ita. Jiya na ɗauko kayan makarantata na wanke, na sassauta ɗinkin rigar da ta matse ni. Ranar Litinin zan koma. Zan roƙi malamar ajinmu ta ba ni minti biyu, in tashi tsaye in gaya musu sunan ciwona, da cewa ba a ɗaukarsa, da abin da za su yi in na faɗi: su kawar da benci, su kwantar da ni a gefe, kada su cusa min komai a baki, kada su gudu. Ban taɓa magana a gaban mutum biyar ba. Wataƙila muryata ta shaƙe. Zan tsaya har ta dawo.

Ya Allah, ga bawanKa Sahabi ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sanya dariyar da ya ba bayinKa a cikin ma'auninsa na alheri, Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa, tsira da amincinKa su tabbata a gare shi. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, Ka zama gatansu, Ka rufa musu asiri kamar yadda ya rufa nawa. Ka ba abokan wasansa juriyar rashinsa. Mu da muka saura Ka kyautata ƙarshenmu. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka kwance min harshena ranar Litinin. Amin.