Taron Masu Labarin Gobe, Daga Bayan Bango

Ana saura kaɗan Turawa su tafi anka tura maigidana garin Isa yana yi wa shanu allura. Ni 'yar Sakkwato ce, ba ni da kowa can. Shi ko sai ya yi mako yana bin rugage.

Wani Baturen dabbobi da sunka yi aiki tare ya bar mai tsofaffin mujallu na ƙagaggun labarai: mutane a kan wata, jirage masu zuwa taurari, ƙarfe mai magana. Yana karantawa yana mayar wa abokai da Hausa. Asalin taron ke nan. Da farko su uku ne: shi, da malamin Yaƙi da Jahilci na Sabon Birni, da wani falke mai zuwa Maraɗi, wanda ke kawo mujallun Faransanci masu hotuna. Daga baya wani dattijon malami Bafillace na Gangara ya shigo. Shi musu ke kawo shi, amma bai taɓa fashi ba.

Sau ɗaya suke haɗuwa a shekara, bayan an kai gero rumbu, bana Isa, baɗi Sabon Birni. Mai masauki ke ciyarwa, wanda ya fi nisan tafiya ke farawa. Sharaɗinsu kowa ya zo da labarin abin da bai faru ba tukuna, kuma ban da aljannu. Akwai shekarar da sunka kai goma sha wani abu, har na aro tabarmi a maƙwabta.

Ni aikina tuwo da fura. Madafata na jikin bangon zaure, saboda haka duk ina jin su. Shekarar Sabon Birni kuwa sai in wuni ni kaɗai, in ya dawo a gajiye ya taƙaice mini labarin a kalma biyu.

Wata damina, yana daji, na ƙaga nawa labarin. Wata mata ce aure ya kai ta nesa, tana da wani faifan ƙarfe, in ta duba sai ta ga uwarta zaune a tsakar gida, su gaisa, su yi hira. Da na faɗa mai, ya ce zai kai shi zaure, amma a matsayin nasa. Ban hana ba.

Ranar taron, ina tuƙa tuwo na ji ya fara. Ya ƙara wasu wayoyi da ba na cikin nawa. Falken ya yi dariya, ya ce wa zai so surukarsa tana leƙo shi kullum. Dattijon bai yi musu ba ranar. Can sai na ji ya ce, "Malam, ana ganin wanda ya rasu a ciki?"

Maigidana ya ce bari ya ɗebo ruwa. Ya shigo ya tsaya kaina, ya tambaye ni a hankali.

"A'a," na ce, "sai mai rai."

Ya koma ya faɗa. Daga nan wani ya fara nasa.

Kafin kaka ta zagayo anka mayar da mu wani gari. Mun ji sun ƙara haɗuwa a Sabon Birni, daga nan falken ya daina zuwa, abin ya watse. Ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, da murya na san su.