Magajiya da Kan Sarkin Fawa

Gidanmu na bayan Hubbare gidan mahauta ne. Bayan magariba Kaka kan zauna bakin wuta tana babbake ƙafafun shanu, mu jikoki muna kankarewa. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da guda ɗaya. Wannan kam sai ta tofa yawu cikin wuta kafin ta fara.

Wai a wata tsohuwar daula sarki ya rasu. Ƙanwarsa Magajiya ta so a naɗa ɗanta, masu zaɓen sarki kuwa suka karkata ga wani yarima. Ba ta da dakaru, sai ta aika aka kira Sarkin Fawa, kakan kakanninmu.

Kaka kan ce, "Tac ce mai, 'Ku aje wuƙa. Kada a yanka ko akuya garin ga sai an naɗa ɗana. Ni ad da alhakin ranka.' Shi ko wawa ya yarda!"

Mahauta suka ajiye wuƙa. Tukwanen fada suka koma lami, fatake suka fara kwashe dabbobinsu, gari ya ɗauki gunaguni. Tilas manya suka naɗa ɗanta, amma da sharaɗi: a ba su wanda ya hana su nama.

"Ko kallo nai ba ta yi ba," in ji Kaka. "Da wuƙar da ya aje anka yanka shi."

Ran nan bakina ya suɓuce, na ce, "Amma Kaka, ai ta yi dabara."

Ta ƙwala mini ƙashi a gwiwa. "Dabara? 'Yar nema! Tashi ki koma gidan ubanta ki ci tuwo!" Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba.

Na girma ina ƙin Magajiya kamar na taɓa ganinta. Sai bayan na haifi Nasiru, ina goyonsa a unguwar Mabera, na tuna wani abu da Kaka kan faɗa da sauri ta wuce: a daular nan, yariman da ya nemi sarauta ya rasa, idanunsa ake ƙwaƙulewa.

Har yau ban yafe mata ba, jininmu ta zubar. Amma idan na dubi idanun Nasiru, nakan tambayi kaina ko da ni ce ita, da na ɗaga kai na dubi Sarkin Fawa. Na gode Allah da Kaka ta rasu ba ta yi mini wannan tambayar ba.