Malamin da Ke Yawo da Zare a Aljihu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, uku ga wannan wata, Allah ya karɓi ran abokin aikina a makarantar koyon aikin ofis, wanda ɗalibai suka laƙaba wa suna Malam Zare.

Malam, sunan nan kai ka jawo wa kanka. Ranar da za ka koyar da kalmar fayil, sai ka zaro allura da zare daga aljihu, ka tsire takardu ka rataye a jikin allo. Ka ce a Latin, tsohon harshen da Turanci ya ɗebi kalmomi daga cikinsa, asalinta zare ne, domin haka magabata suke adana takardu. In an zo kan rajista, sai ka sa ɗalibi ya ɗauko kujera daga bakin ƙofa ya maido ta mazauninta, ka ce asalin kalmar ke nan: maido da abu wurinsa. Rikodi kuwa, hannu kake ɗorawa a ƙirji ka ce, "Maido da abu cikin zuciya ke nan, 'ya'yana. Na'ura daga baya ta zo."

Na sha yi maka mita ka rubuta darussan nan, amma taurin kanka, Allah ya gafarta maka, ya fi ƙarfina. Dariya kawai kake yi ka ce, "Ƙanena, ai an rubuta." Da ka rasu, bayan baƙin ciki tsoro ne ya kama ni. Ni aka ce in karɓi ajinka, ga shi ko layi ɗaya ba ka bari ba.

A falonka, wurin gaisuwa, hankalina ya kwanta. Wata tsohuwar ɗalibarka, magatakardar kotu yanzu, ta ɗora hannu a ƙirji ta maimaita maganarka, har da gyaran muryar da kake yi. Wani ma'aikacin asibiti ya tashi ya ɗauko kujera. Kowa da kalmar da ya riƙe, suka kuma yi alkawarin riƙa zuwa ajin bi da bi. Maiɗakinka tana dariya tana share hawaye, ta shiga ɗaki ta ɗauko allurar da zaren ta miƙo mini.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka makwancinka, ya sa ilimin nan ya bi ka da lada. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka haƙurin rashi. Ranar Litinin zan shiga ajinka, zaren yana aljihuna.