Dambun Nama a Kwanon Madam

Shekarar da soja suka koma bariki na samu aikin girki a unguwar Ilupeju ta Legas, gidan wasu Indiyawa 'yan ƙabilar Tamil. Kullum tun asuba nake shiga motar danfo daga Agege. Maigidana mahauci ne, amma ciwon baya ya kwantar da shi, aikin nan ne ke riƙe da gidanmu.

Wata huɗu na yi ban ga ko ƙashi a tukunyarsu ba. Ni kuwa na ɗauka rowa ce irin ta masu kuɗi.

Da sallarsu ta fitilu ta matso, wadda suke kira Dipawali, kwana uku muka yi gaban kasko ni da Madam. Muka soya ƙosai mai huda a tsakiya, da wani abu murɗaɗɗe kamar alkaki amma na gishiri, da wainar shinkafa mai mazarƙwaila. Ta yaba hannuna. Ranar jajibiri ta cika mini kwanon silba na kai gida.

Mu dai ba ma mayar da kwano wayam. Maigidana ya dogara sanda har mayanka, ya roƙo tsokar cinyar saniya wurin abokan sana'arsa. Na dafa, na daka, na yi dambu, ko 'ya'yana ban bari sun ɗanɗana ba.

Ranar sallar na tarar sun yi wankan man riɗi, sun sa sababbin kaya, fitilun yumɓu jere har bakin ƙofa. Na ajiye kwanon tsakiyar soye-soyen. Madam ta buɗe, ta ce mene ne wannan.

"Dambun naman shanu ne, Madam. Barka da salla."

Ta ƙwalla ƙara, ta ja da baya. Ashe haramun ne a addininsu, kuma ba wanda ya taɓa buɗe baki ya gaya mini. Wannan ne ke ci mini rai har yau. Suyar kwana uku ni aka sa na kwashe na zubar. Mijinta ya rako ni bakin get, ya ce kada in sake dawowa. Kwanon ma da ƙafa aka turo mini.

Na juye wa maigadi dambun, na ɓoye kwanon cikin mayafi. Da na shiga gida maigidana ya ɗago daga tabarma, fuskarsa a washe.

"Ta ci? Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce an gode, Malam."