Littattafan Garba Mai Hoto da Na Ba Mai Tsire

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar ƙanena Garba, wanda mutanen Rogo suka fi sani da Garba Mai Hoto. Akwai abin da na aikata bayan sadakar arba'in ɗinsa, wanda da za a dawo mini da ranar, da ban yi shi ba. Na kwashi littattafansa guda bakwai na kai wa mai tsiren bakin tasha ya riƙa naɗe nama da su. Babu wanda ya sa ni. Da ƙafata na je, da hannuna na miƙa, har mutumin ya yi mini godiya ya ce takardar tana da kauri, maiƙo ba ya huda ta da wuri.

Bari in faɗi irin littattafan, don a san girman abin da na yi. Garba yana da ɗan shago kusa da kasuwa. Duk wanda ya ɗauka hoto, in ya wanke ya ba shi nasa, sai ya sa fim ɗin a ambulan ya rubuta lamba a bayansa. Sannan ya buɗe littafi ya rubuta lambar, da sunan mai hoton, da sunan mahaifinsa, da garinsu, da dalilin zuwansa: sallah ce, suna ne, ko neman aiki. In mutum biyu ne, sai ya rubuta wane ne a dama, wane ne a hagu. Ni kuwa ɗan kasuwar gyaɗa ne, a aji huɗu na bar firamare a Karaye, rubutu bai taɓa zama abokina ba. Nakan leƙa shagon in tsokane shi.

"Kai Garba, hoto kake ɗauka ko magatakardan hakimi ka zama?"

Sai ya yi dariya, bai ɗago kai ba, ya ce, "Yaya, kai ka san su yau. Wanda zai zo bayanka fa?"

Da ya rasu, wanda ya ba shi hayar shagon ya buƙaci ɗakinsa. Na duba kayan, na yanke hukunci irin na mai awo: fim shi ne tsaba, littafi kuwa ɓawo ne. Na jera ambulan ɗin a akwatin ƙarfe na kulle. A raina na ce, wa zai manta fuskar mutanen Rogo a cikin Rogo? Kowa ya san kowa. Ban yi tunanin cewa masu sanin su ma tafiya suke yi ba.

Akwatin ya zauna a ƙarƙashin gadona har bara, lokacin da Rabi 'yar Garba ta zo nemansa. Tana ƙarama ya bar ta. Yanzu tana Kano da mijinta, sana'arta zanen kalanda da katin biki da allon talla a kwamfuta. Ta tafi da akwatin, ta yi wata da watanni tana zuba fim ɗin ɗaya bayan ɗaya cikin kwamfutarta. Bayan kaka ta dawo, muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida da hantsi, ta buɗe mini.

Manhajar da take aiki da ita, in ji ta, ita ce take tsara mata duk hotunan sana'arta. Ni yadda na fahimce ta, kamar rumbu ce mai ɗakuna da yawa, sai dai hoto ɗaya yana iya zama a ɗaki uku lokaci guda ba tare da an raba shi ba. Kowane hoto yana da gurabe a gefensa: suna, gari, lokaci, dalili. Sannan Rabi tana liƙa masa ƙananan alamomi na abin da ke cikinsa. Ta rubuta keke, sai ga samari duk sun fito jere, kowa ya dafa sirdin kekensa. Ta rubuta rediyo, sai ga waɗansu rungume da akwatin rediyo kamar jariri.

Abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne yadda manhajar take tara fuska. In mutum ya zo wurin Garba sau biyar a rayuwarsa, sai ta gane shi ne, ta haɗa hotunan wuri ɗaya. Na ga wani yana saurayi da gashin baki sabon tsiro, na gan shi da jariri a cinya, na gan shi da rawani, na gan shi furfura ta sauka a gemu, duk cikin ƙiftawar ido. Sai na ji kamar ina zaune a bakin hanya ranar kasuwa, garin nan na da yana wucewa ta gabana a hankali, ba ƙura ba hayaniya, kowa cikin kayan sallarsa, kowa ya kalle ni ya wuce. Har na ji kamar ƙamshin turaren da Garba yake fesa wa shagon. Amma a ƙarƙashin kowace fuska gurbin suna fari fat yake.

"Baffa," in ji Rabi, "Inna ta ce Baba yana da littattafan da yake rubuta sunaye. Suna wajenka?"

Shekara goma sha takwas ban faɗa wa kowa ba. Ranar na faɗa. Na yi fatan ta yi mini faɗa in huta. Ita kuwa sai ta matsar da kwamfutar gabana.

"To Baffa, tunda ka ba mai tsire, yanzu kai ne littafin. Gyara zama."

Mun yi kwanaki a kan tabarmar nan. Ni da nake cewa kowa ya san kowa, sai ga shi in hoto goma ya wuce da kyar nake kiran sunan biyu. Wani na san fuskar sarai, na san har irin tafiyarsa, amma sunan ya tsaya mini a maƙogwaro ya ƙi fitowa. Inda na yi amfani shi ne wajen labule. Garba ya yi labule uku a bayan kujerar ɗaukar hoto: mai zanen jirgin sama, mai kogi da kwalekwale, da mai furanni. Ni nake sayo masa su in na kai gyaɗa Kano, don haka na san zamanin kowanne. Mai jirgin, tun shekarar da aka haifi ɗan farina har daminar da rufin shagon ya yi yoyo ya ɓata shi. Rabi ta liƙa wa hotunan alamar labule, sai ga su sun rabu zamani zamani.

Labari ya bazu. Wata safiya sai ga sallamar wani mutum, magidanci mai kimanin shekara arba'in da 'yan kai. Ya ce sunansa Idi, tela ne a Rogo Ruma. Bayan mun gaisa, ya tambayi gida da gajiya da amfanin gona, sai ya sunkuyar da kai.

"Baba, mahaifiyata ta rasu ina goye. Ban san kamanninta ba. An ce ta taɓa zuwa wurin marigayi ya ɗauke ta, amma hoton ya salwanta tun ina yaro. Shi ne na ce ko Allah zai sa."

Sunanta Hajara, daga wani ƙauye can bayan Karaye aka auro ta, shekara biyu kacal ta yi a gidan. Danginta sun watse, mahaifin Idi ya rasu. Da littafin yana nan, da aikin minti biyar ne. Na kasa haɗa ido da shi.

Mutum ɗaya ta rage da ta san ta, Goggo Asabe, yayar mahaifinsa. Muka ɗauki mota muka je da kwamfutar. Muka same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idanunta sun daɗe da rufewa. Amma ƙwaƙwalwarta garau.

"Hajara? Yo ai ni na ɗaura mata ɗankwalin ranar. Sallar layya ce. Ita da ƙawarta Laure suka yi anko, atamfa mai zanen ganye. Suka dawo suna ta dariya wai sun hau jirgi ba su biya ko kwabo ba."

Rabi ta rubuta: labulen jirgi, mata biyu, anko. Hotuna kaɗan suka fito. A cikinsu guda ɗaya ne mai atamfar ganye. 'Yan mata biyu a kan benci, kafaɗa da kafaɗa, jirgin yana tashi a bayansu. Ta dama ta danne dariya da kyar, ta hagu ta buɗe ido sosai kamar mai jiran wani abu ya faru. Idi ya matso har numfashinsa yana taɓa allon kwamfutar.

"Goggo, wacce ce? Ta dama ko ta hagu?"

"Kai ɗan nan, da wane idon zan gani? Ka duba mai kyaun."

"Duka biyun masu kyau ne, Goggo."

"To ai shi ya sa suke ƙawance."

Muka tambaye ta tsawo, ta ce kansu ɗaya. Haske, ta ce duk wankan tarwaɗa ne. Laure ma ta daɗe da rasuwa, ba ta bar baya ba. Idi kuwa kamannin mahaifinsa ya ɗebo kaf. Rabi ta gwada ko manhajar za ta haɗa fuskarsa da ɗaya daga cikinsu, ba ta haɗa ba. Amsar tana cikin layi ɗaya da Garba ya rubuta da hannunsa, dama wance, hagu wance, kuma ni na san inda layin ya tafi.

A nan tsakar gidan na gaya wa Idi gaskiya, na roƙe shi gafara. Ya sake duban hoton, ya ce:

"Baba, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Jiya ba ni da fuska ko ɗaya. Yau ina da biyu. A wanke mini shi haka, kada a raba su. Duk wadda ba tawa ba ce, ai ita ma tana son addu'a."

Rabi ta cike gurbin: Hajara mahaifiyar Idi, da ƙawarta Laure, ba a san wacce ce a dama ba.

Nakan zauna in yi tunanin abin da Garba zai ce da ya ga zamanin nan. Na tabbata da manhajar ta burge shi, don abin da yake yi da biro da ambulan ne ta zo tana yi da sauri. Ina jin da ya kwana biyu yana wasa da ita kamar yaro da sabon keke. Amma da ya karɓi wayar kowane ɗayanmu ya ga hotuna cunkushe ba suna ba gari, na san tambayar da zai yi, don ya taɓa yi mini ita: wanda zai zo bayanka fa? Na'urar tana gane fuska ta fi ni, amma ba ta san kowa ba sai wanda aka gaya mata.

Abin da ya rage na Garba ba hotunan ba ne kawai. Halinsa ne na ɗaukar kowane mutum, ko daga wane ƙauye ya fito, a matsayin wanda ya cancanci a rubuta sunansa daidai. Wannan halin na gan shi a hannun Rabi, yadda ba ta wuce gurbi sai ta tambaya sau uku. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Hoton yana rataye a shagon Idi, sama da keken ɗinkinsa. In na bi ta wurin nakan tsaya mu gaisa, in ɗaga kai in dube su. Wata rana sai in ga kamar ta daman ce, wata rana ta hagun. Roƙona ga mai karatu shi ne, in wani naka ya rasu ya bar takardun da ba ka gane amfaninsu ba, ka bar su inda suke har mai ganewa ya zo. Hotunan da ke hannunka kuma, ka nemi tsohuwar gidanku tun idonta yana gani, ka zaunar da ita, ka rubuta wane ne a dama, wane ne a hagu.