Kyanwarmu ta ƙi cin abinci a sabon gida

Yau da safe na sake ajiye wa kyanwarmu kan kifi, ta shinshina ta juya baya. Tun da muka taso daga Araba muka dawo cikin Illela ba ta ci abin kirki ba, sai zama bakin ƙofa tana kallon hanya.

Kakata tana kan tabarma tana kallonmu. Na ce, "Inna, ko ba ta da lafiya ne?"

Ta ce, "Lafiyarta lau, ɗiyata, gida take nema. Farkon zuwan Turawa, uwata tana yarinya sunka gudo daga wajen Ƙonni saboda aikin tilas. Kyanwarsu ta ƙi cin komi, rannan ta ɓace. Daga baya wani falke ya ce ya gan ta kwance bisa katangar tsohon gidansu."

"Aka je aka ɗauko ta?"

"Wa za shi je a kama shi? Har uwata ta tsufa tana cewa, ita dai kyanwa ta samu komawa."

Ni ma Araba nake gani in na rufe ido.

Ku da kuka taɓa barin gida, yaushe sabon wuri ya zama naku?